Malam Edita, a buɗe mana darasin Assembly, kayan aikinsa kyauta suke

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida. Alfarma ɗaya na zo nema, don Allah a shafinku na kimiyya da fasaha a ware ɗan fili ko da sau ɗaya ne a wata a riƙa koyar da Assembly, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun daga tushe. Na san wasu za su ce wa ke da lokacin wannan a yanzu, kowa Python yake yi ko JavaScript, to ni ban raina waɗannan ba, suna da amfaninsu kuma ana cin abinci da su, amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tsorata matasa masu son koyon rubuta manhaja, da zarar yaro ya ambaci Assembly sai a ce masa ai wannan na masu ƙwaƙwalwa ta daban ne, ko a ce ya daina aiki tuntuni, ko a ce sai ka sayi wasu manhajoji masu tsada. Duka ukun ba gaskiya ba ne wallahi.

Assembly ba komai ba ne illa umarnin da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, take ganewa kai tsaye, an dai ba kowane umarni ɗan gajeren suna don mutum ya iya karantawa maimakon jerin sifili da ɗaya. Ka ce mov ta ɗauki abu daga nan ta ajiye can, ka ce add ta haɗa lamba biyu, cmp ta gwada abu biyu, jmp ta tsallaka zuwa wani layi. A cikin furosesar akwai wasu ƙananan ma'ajiyoyi masu saurin gaske da ake kira rijista, a irin kwamfutocin Intel da AMD na yanzu guda 16 ne na aikin yau da kullum, su rax da rbx da rdi da rsi da sauransu, kuma kusan duk aikin a kansu yake tafiya. Iya abin kenan fa. Duk wata manhaja da ka taɓa buɗewa, komai girmanta, a ƙarshe irin waɗannan ƙananan umarnin ne furosesa take bi ɗaya bayan ɗaya.

Maganar kuɗi kuwa babu ita sam. Tun 1983 Richard Stallman ya sanar da aikin GNU, wato a samar da manhajojin da kowa zai iya amfani da su, ya karanta yadda aka rubuta su, ya gyara, ya raba wa wasu ba tare da neman izinin kowa ba, sannan a 1991 Linus Torvalds ya fito da Linux, manhajar da ke tafiyar da ita kanta kwamfutar. Albarkacin wannan duk abin da mai koyo yake buƙata yana nan zube. Akwai as mai juya Assembly zuwa yaren na'ura, akwai ld mai haɗa shi ya zama fayil ɗin da za a iya kunnawa, akwai objdump mai warware manhaja ka ga cikinta, duka ukun a kunshi ɗaya suke mai suna binutils, ga kuma gdb mai bin shiri taku-taku, wanda zan dawo kansa don shi ne babban malamin. Ni dai ga mai farawa NASM nake ba da shawara, shi ma mai juya Assembly ne kamar as, wanda Simon Tatham da Julian Hall suka fara a 1996, saboda rubutunsa ya fi sauƙin shiga ido. A Debian ko Ubuntu, waɗanda ire-iren Linux ne, ka buɗe tamina, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta sudo apt install nasm binutils gdb gcc ka danna, shi kenan ka gama haɗa kayan aiki, kuma tsohuwar laftof da aka jingine tana shan ƙura ma za ta ɗauka ba tare da ta yi nishi ba.

Bari in nuna yadda aikin farko yake don mai karatu ya ga ba wani dodo ba ne. Kana so kwamfuta ta rubuta maka "sannu" a sikirin. A Linux mai bit 64 sai ka sa 1 a rax, wannan ita ce lambar da ke nufin rubuta, ka sa 1 a rdi wato a sikirin za a rubuta, ka sa adireshin inda kalmar take a memori cikin rsi, ka sa yawan haruffan a rdx, sannan ka ce syscall, wato ka miƙa wa Linux ya ƙarasa. Bayan nan ka sa 60 a rax, sifili a rdi, ka sake cewa syscall don shirin ya fita lafiya. Ka adana shi da suna sannu.asm, ka rubuta nasm -f elf64 sannu.asm, sai ld sannu.o -o sannu, ka kunna. Layin bai fi goma sha wani abu ba. Kuma idan mutum ya manta wancan 60 ɗin na ƙarshe zai ga sannu ta fito amma galibi sai shirin ya faɗi da saƙon kuskure mai suna Segmentation fault, dalili kuwa furosesa ba ta san an gama ba, za ta ci gaba da karanta duk abin da ta tarar a gaba tana ɗaukarsa umarni har ta taka inda ba a yarda ta taka ba. A wannan kuskure guda ɗaya yaro zai fahimci abin da wani zai yi shekara yana rubuta Python bai taɓa tunaninsa ba.

Abu ɗaya da ke rikita masu farawa kuma ya kamata darasin ya faɗa tun ranar farko, salon rubutun iri biyu ne. NASM salon Intel yake bi, mov rax, 1, inda za a zuba shi ne a farko. Shi kuwa as na GNU salon AT&T ya saba da shi, movq $1, %rax, an juya su baya da gaba ga kuma alamomi. Sai mutum ya kwafo misali daga wani wuri ya ƙi aiki ya zaci shi ne bai da kai, alhali salo ne kawai ya bambanta.

To gdb. Ni a ganina wanda ya koyi Assembly ba tare da gdb ba kamar mai koyon tuƙi ne ido a rufe. Ka buɗe shirinka da shi, ka ce starti ya tsaya a umarni na farko, ka ce stepi ya taka taku ɗaya tak, ka ce info registers, sai ka ga da idonka rax da ɗazu take sifili yanzu ta koma 1. Ka sake takawa ka ga rsi ta ɗauki adireshi, ka leƙa adireshin ka ga haruffan sannu a jere kowanne da lambarsa. Daga nan ne abubuwan da ake haddacewa a aji ba a gane ba, su fointa na yaren C, wato abin da ke riƙe adireshin memori, da yadda fankishin, wato wani yanki na shiri, ke kiran wani ya dawo, suke zama abin da kake kallo ƙuru-ƙuru. Kuma ba sai an haddace ɗaruruwan umarni ba, wajen ashirin sun isa a yi nisa. Wata dabara mai daɗi, ka rubuta ɗan ƙaramin shiri da C mai haɗa lambobi daga 1 zuwa 10, ka ce gcc -S, zai fito maka da Assembly ɗinsa ka zauna ka karanta, sannan ka ƙara -O2 ka sake dubawa, za ka tarar kwampailar, wato gcc mai fassara C ɗin, ta share lissafin gaba ɗaya ta ajiye 55 kawai don ta riga ta san amsar.

Masu cewa ya mutu kuwa, su je su duba FFmpeg da dav1d, manhajojin da ke sarrafa bidiyo, za su ga Assembly da aka rubuta da hannu jibge a ciki don a samu sauri. Farkon tashin Linux a kan kowace irin furosesa da shi ake yi. Masu binciken ƙwayoyin cutar kwamfuta kullum a cikinsa suke, don wanda ya rubuta cutar ba zai ba ka asalin rubutunsa ba, dole ka warware ta da irin su Ghidra, wadda hukumar NSA ta Amurka ta sake ta kyauta a 2019. Hatta manhajar kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969 da Assembly aka rubuta ta, ƙungiyar Margaret Hamilton ce ta yi aikin, kuma tana nan a shafin intanet na GitHub kowa zai iya karantawa. Ban ce kowa ya koma rubuta manhajar waya da Assembly ba, wannan ɓata lokaci ne, iya karanta shi nake so matasa su yi.

Wanda ba shi da kwamfuta ma kar a bar shi a baya. Wayoyin Android furosesar ARM gare su, kuma da manhajar Termux mutum zai samu tamina a wayarsa ya girka kayan aikin ya fara. Sunayen ne suka canza, rijistocin x0 zuwa x30 ne, lambar aikin a x8 ake sa ta, rubuta 64 ce fita kuma 93, maimakon syscall sai a ce svc 0, amma tunanin duk ɗaya ne. Mai son ɗanɗana RISC-V, wata irin furosesa wadda aka fara a jami'ar Berkeley a 2010 kuma tsarinta a buɗe yake ga kowa, manhajar QEMU za ta kwaikwaya masa ita a kan na'urar da yake da ita.

Don haka Malam Edita roƙona shi ne a samo wanda ya iya ya riƙa rubutawa da Hausa mai sauƙi, darasin farko ya zama girka kayan aiki da shirin sannu ɗin nan, na biyu a shiga gdb, kuma kowane darasi a kawo shi kala biyu, na kwamfuta da na waya. A kuma kula wajen bugawa kar a canza waƙafi ko a mayar da ƙaramin harafi babba a cikin umarnin tamina, don harafi ɗaya ya isa ya hana abin tashi. Idan ana buƙatar wanda zai gwada misalan kafin a buga, a shirye nake in taimaka.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta shafin kimiyya da fasaha