Godiya ga ofishin da ya riƙe mu amana shekara huɗu a benen Tumfure

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Manaja da dukan ma'aikatan ofishin da ke kula da gidan benen da muka zauna haya a Tumfure, Gombe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na miƙa muku makulli, muka bi bayan motar kaya zuwa Bauchi, inda wurin aiki ya mayar da ni. Mun wuce Alkaleri, ba mu kai Dindima ba, sai ga saƙon banki a wayata. Kuɗin ajiyar da na ba ku tun 2021 ne kuka dawo mini da su, kun cire naira dubu takwas na gilashin tagar da ɗana ya fasa da ƙwallo. Na miƙa wa uwargida wayar. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta ce, "Malam, ashe kuɗin nan ana dawo da su?" Wannan ne gidan haya na uku da muka bari tun da muka yi aure, kuma wannan ne karo na farko da muka ga kuɗin ajiya sun dawo gida.

Na so in rubuta sunan ofishinku a sarari. Manaja ya ce in yi masa rai, ba ya son abin da zai zama kamar talla, aikinsu kawai suka yi. Na bi umarninsa. Mutanen layinmu dai sun san wurin da nake nufi.

Ni ɗan Jahun ne a cikin garin Bauchi. A gidan gado na tashi, mai zaure da soro da tsakar gida, da rijiya a gindin darbejiya. Ban taɓa tunanin zan kwana wani yana kwance ƙarƙashina, wani kuma bayan bangona ba. Da aka yi mini canjin aiki zuwa Gombe a farkon 2021, gida mai tsakar gida na fita nema. Wanda ya nemi haya a Gombe ya san abin da na gani. Tun da aka cire jihar daga Bauchi a 1996 garin yake cika: ma'aikatan gwamnati suka dawo, aka buɗe jami'ar jiha a 2004, daga baya 'yan'uwanmu na Borno da Yobe da rikici ya raba da gidajensu suka shigo, da yawansu kuma suka zauna ke nan. Gida ya zama gwal. Mako uku ina yawo bayan dillalai daga Fantami zuwa Bolari, kowanne sai na ba shi kuɗin gani kafin ya buɗe ƙofa. Wani ya kai ni gida mai kyau da araha, na leƙa ta katangar baya sai na ga kwari ya ci ƙasa har ya kusa gindin bango. Da na yi magana ya ce, "Ai damina da saura." Ran nan na haƙura da tsakar gida, wani abokin aiki ya kawo ni wurinku.

Abin da ya faru ranar farko, ba zan ɓoye ba, a lokacin ɓata lokaci na ɗauke shi. Yarjejeniyar da Turanci take, amma Manaja ya zaunar da ni ya bi ta layi-layi da Hausa: kwano da sokawe da injin ruwa na mai gida ne, ƙwan fitila da kan famfo da abin da yarana suka ɓata nawa ne. Sannan ya ɗauko wani babban littafi mai baƙin bango, muka hau sama tare. Ya ƙirga makullai, ya buɗe kowane famfo, ya kunna kowace fanka, ya durƙusa a kicin ya nuna mini tayil biyu da suka tsage, ya rubuta, ya ɗauki hoto, muka sa hannu mu biyu. A raina na ce wannan bawan Allah da iyayi yake. Shekara huɗu bayan haka, ranar fita, sabon yaron da kuka ɗauka aiki ya ga tsagewar nan ya fara lissafa mini kuɗin tayil. Ban ce uffan ba. Manaja ya buɗe littafin, ya juya baya zuwa shafinmu, ya nuna masa da yatsa. Magana ta ƙare a nan.

Amma abin da ya sa na ga lallai sai na rubuta wannan wasiƙa, maganar turmi ce.

Kwana biyar da tarewarmu, uwargida ta ajiye turmi a kicin ta hau dakan yaji da hantsi, yadda ta saba yi a Jahun tun tana budurwa. Mu muna sama. A ƙarƙashinmu akwai wata ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Kaltungo, wadda ta kwana a bakin aiki ta dawo ta kwanta. Kowane bugun taɓarya a tsakiyar kanta yake sauka. Ta hau ta yi magana, maganar ba ta yi daɗi ba, ita ma tawa ba ta mayar da mai daɗi ba. Da na dawo da yamma na tarar da uwargida ta haɗa fuska, tana cewa wannan ba gida ba ne, keji ne: ba wurin daka, ba wurin shanya, ba inda mace za ta hura gawayi, in ka tsaya a baranda duk mai wucewa yana kallonka. Gaskiyarta ne. Wanda ya zana benen nan bai zana shi da matar Bahaushe a ransa ba. Ita ma ta ƙasa gaskiyarta ne, barcinta haƙƙinta ne, kuɗin haya ɗaya muke biya.

Ƙara ta kai ofishinku. Na zauna ina jiran takardar gargaɗi. Sai ga Manaja da kansa bayan la'asar, ya yi sallama, ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaida uwargida, ya ce, "Hajiya, a gidanku na Bauchi ina kike daka?" Ta ce tsakar gida. Ya ce to, a ba shi mako biyu. Bai cika ba sai da aka kafa rumfar kwano a bayan gidan, kusa da tanki, aka yi mata daɓen siminti, aka ja igiyoyin shanya, aka kewaye gefen da ke kallon titi da langa-langa. Daga baya na ji yadda ya shawo kan Alhaji mai gida: ya gaya masa kuɗin rumfa bai kai asarar falat ɗaya ya zauna wata uku babu kowa ba.

Rumfar nan ita ta zama tsakar gidanmu. Nan ake daka, nan ake tsifa da kitso, nan yara suke haddar allo in zafi ya hana zama a ɗaki. Da Babbar Sallah ta zo a watan Yuli na shekarar, cikin ruwa, a nan muka ɗaure raguna, kuka sa aka haƙa rami don jini da tumbi kada su bi kwata su tsaya a ƙofar wani. Da Kirsimeti maƙwabtanmu suka ɗora manyan tukwanensu a wurin. Matar da suka yi cacar baki da uwargida, ita ce ta tuƙa ta zuwa asibiti da ƙarfe biyun dare lokacin naƙudar autarmu, ina Abuja wurin taro. Da takardar gargaɗi kuka aiko a makon farko, ban san ko za a iya ƙwanƙwasa wannan ƙofar a daren nan ba.

Sai maganar wuta da ruwa, waɗanda su ne ke raba 'yan haya ko'ina. A gidan da muka zauna a baya, bil ɗaya ake kawo wa gida duka, kowane ƙarshen wata sai an yi shari'ar wa ke da firji, wa ke guga da dare. A nan kowane falat da mitarsa mai kati, abin da ka sha shi ka biya. Injin rijiyar burtsatse ma da tasa mitar, kuma duk wata sakatariyarku takan liƙa takarda a gindin matakala: ga abin da aka tara na ruwa da shara da gadi, ga abin da aka kashe, ga saura. Akwai watan da wani malamin lissafi da ke falat na biyu ya gano kuskuren naira ɗari bakwai. Ba ta yi musu ba, washegari ta liƙa gyara.

Gwajin gaske ya zo a Afrilun 2024, bayan Ƙaramar Sallah, lokacin da ɓata-gari suka kayar da turakun babban layin wutar da ke tahowa daga Jos. Gombe ta shiga duhu ana tsakiyar zafin bazara, kwana ya zama mako. Babu wuta, babu injin ruwa. Zaman bene kuwa in babu ruwa a tanki azaba ce da mai gidan ƙasa bai san ta ba: ɗan garuwa zai tsaya da kurarsa a ƙofa ya ce hawa sama da jarka kuɗinsa daban, masai kuma irin na zamani ne, ba ya yafe maka bokiti ko sau ɗaya. Ga mai ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma sake waiwayowa ba. A rana ta uku kuka kawo janaretan ofishinku a bayan a-kori-kura, ana tayar da shi safe da yamma har tanki ya cika, muna haɗa kuɗin mai. Ku kuka zauna a ofis kuna fifita da kwali. Kafin damina ta kankama kun sa an ɗora faifan sola a kan rumfar nan, aka canza injin zuwa mai aiki da rana. Da aka sake shiga dogon duhu a Arewa cikin Oktoban shekarar, 'yan layinmu a famfon ƙofar gidanmu suke layi.

Kada a ce na zo yabo na rufe ido. A watan Agustan 2022 sokawe ta cika, muka kwana tara muna rufe tagogi kafin motar kwasa ta zo. Na je ofis raina a ɓace na faɗi maganganu. Manaja bai ce laifin mai mota ne ba, ko da yake na san akwai nasa a ciki. Ya ce sakacinsu ne, ya kamata a kwashe tun kafin ruwa ya sauka, kuma daga shekarar duk watan Mayu ake kwashewa. Ƙarin kuɗin hayar 2024 ma har yau ina ganin ya ɗan yi nauyi, ko da yake na san buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon shekarar. Abin da zan shaida shi ne, wata shida kafin lokaci kuka kawo takarda, ba a wayi gari aka ce mana ko ku biya ko ku fita ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa ko maƙwabtana ba. Shekarar da mahaifina ya kwanta jinya, kuɗin hayar da na tara duk suka tafi asibiti. A ƙasar nan kuwa shekara guda ake biya a dunƙule. Na shiga ofis ina jin nauyin bakina. Manaja ya sallami yaran da ke wurin, ya rufe ƙofa, ya ce, "Malam, nawa za ka iya yanzu?" Ya kira Alhaji a gabana, aka raba mini biya uku, aka rubuta a littafin nan mai baƙin bango. Ba a taɓa aiko yaro ya buga mini ƙofa a gaban jama'a ba, ba a taɓa yi mini habaici a bakin get ba. Da Allah Ya yi wa tsohon rasuwa, mutum biyu daga ofishinku suka zo har Jahun ta'aziyya. Wanda ya rufa maka asiri a irin wannan rana, ba ka da abin biyansa.

Ina miƙa gaisuwa ga Baba mai gadi, wanda ya san sunan kowane yaro a gidan, ya kuma san wanda bai dawo daga Islamiyya ba kafin uwarsa ta sani. Baba, mi yetti, wato na gode da Fulatanci. Ga sakatariya, da ba ta taɓa karɓar ko naira ɗari ba tare da ta yanka rasit ba. Ga mai gyaran famfonku, da yakan cire takalmi ya jira a ba shi izini kafin ya shiga ɗakin matan mutane. Ga Alhaji mai gida, wanda sau biyu kacal na gan shi cikin shekara huɗu, amma ya yarda ya saurari mutanen da ya ba amanar dukiyarsa. Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa albarka a kasuwancinku, Ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa mana.

Saƙo ɗaya daga uwargida. Turmin nan ba mantuwa ta yi ba, da gangan ta bar shi a rumfa. In sababbin 'yan hayan falat ɗinmu sun tambaya, a gaya musu na matan gida ne duka. Taɓaryar tana jingine a bayan tanki.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ɗan hayan falat na sama, hannun dama
Bauchi