Tsofaffin ɗalibai, mu rage otal mu leƙa makaranta

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, musamman masu riƙe da ƙungiyoyin aji. Lokacin tarurrukan ƙarshen shekara ya ƙarato, har na ga an fara yawo da hoton anko a waya.

Ni ne ma'ajin ƙungiyar 'yan ajinmu. Mun gama wata jami'a a nan Arewa tun zamanin mulkin soja, muka yi hidimar ƙasa, kowa ya kama gabansa. WhatsApp ne ya sake tattaro mu, kuma ba na raina alherin da ya zo da shi. Mutumin da ka daɗe ba ka ji ɗuriyarsa ba, sai ka wayi gari ya turo hoton jikarsa. Da ɗayanmu ya kwanta asibiti ana neman kuɗin aiki, da safe aka sanar, kafin la'asar kuɗin sun haɗu har da ragowa. Marayun wani abokinmu da ya rasu, mu ke biya musu kuɗin makaranta har yau. A nan dai babu abin cewa sai godiya.

To amma littafin kuɗi a hannuna yake, kuma na san inda mafi yawan abin da muke tarawa yake tafiya. Taron shekara ne ke cinye shi: hayar ɗakin taro a otal a Abuja ko Kaduna, shaddar anko, mai ɗaukar hoto, mai gabatarwa, abinci, sai kuma lambobin yabo da ake miƙa wa duk wanda ya samu muƙami a shekarar. Ranar da wata 'yar ajinmu da ke koyarwa a tsohon sashenmu ta rubuta cewa akwai ɗaliban ajin ƙarshe da suka kasa yin rajista, shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu. Can sai wani ya turo gaisuwar Juma'a, maganar ta bi ruwa.

Akwai kuma waɗanda ba ma gani a taron, kuma ba mu tambayi dalili ba. Wani abokina malamin makaranta ne a ƙaramar hukuma, ya fi mu ƙoƙari duka muna ɗalibai, littafinsa muke arowa idan jarrabawa ta matso. Yana cikin zaurenmu na WhatsApp, yana karanta komai, ba ya cewa uffan. Da na matsa masa sai ya lissafa mini kuɗin anko da ɗinki da mota zuwa da dawowa da wurin kwana, ya ce sun kusa cinye albashinsa na wata, kuma duk don ya je ya zauna a baya yana tafa wa masu karɓar lamba. Irinsa suna da yawa, ga masu jiran garatuti, ga matan da mazajensu suka rasu suka bar su da yara. Zumuncin da sai mai hali ke iya halarta, ni ban san me zan kira shi ba.

Kwanakin baya na raka ɗan ƙanena ɗakin kwanan ɗalibai a makarantar tamu. Ɗakin da muke kwana mu huɗu, yanzu katifu ne shimfiɗe a ƙasa har bakin ƙofa, sai ka tsallake ƙafar wani kafin ka kai taga. A baranda yara sun jera risho suna dafa taliya, ga layin bokitai a gindin famfon da ba ya kawo ruwa sai dare. Mu kuwa da muka kwana a ɗakin nan kusan kyauta, har gwamnatin jiha tana ba mu tallafin karatu, muna can muna gardamar kalar hula.

Na san amsar da za a ba ni: aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma ba na sauke mata nauyi. Akwai asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantun gwamnati, wanda ya samo asali tun 1993 aka sake masa fasali a 2011, kuma harajin da kamfanoni ke zuba masa ya kai kashi 3 cikin ɗari a 2023. Duk jami'ar gwamnati da ka shiga za ka ga gine-gine da sunansa a jiki. Sai dai ba ya biya wa ɗan talaka kuɗin rajista. Masu hannu da shuni ma sun yi nasu: Aliko Dangote ya gina wa Jami'ar Ahmadu Bello ɗakunan kwanan ɗalibai aka buɗe a 2019, Abdussamad Rabi'u ya ba ta naira biliyan 1 a 2021. Allah ya saka musu. Amma bayan cire tallafin mai a 2023 jami'o'i da dama sun ninka kuɗin rajista, har sai da gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin biya wa 'yan jihar 7,000 da ke Jami'ar Bayero. Asusun ba ɗalibai rancen karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya taimaki mutane, amma bashi ne, ana fara biyansa shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Tsakanin waɗannan duka akwai yaron da naira dubu hamsin kacal za ta hana shi rubuta jarrabawar ƙarshe, kuma mu ne muka fi kusa da shi.

Ana yawan kawo misalin Amurka, cewa can tsofaffin ɗalibai ne ke riƙe da jami'o'i. A 2018 attajiri Michael Bloomberg ya bai wa Jami'ar Johns Hopkins, inda ya yi karatu, dala biliyan 1.8 don tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kyautarsa ta farko ga makarantar dala 5 ce, a 1965, shekara ɗaya bayan ya gama. Bai jira ya zama attajiri ba. Kuma ba sai mun je can neman darasi ba, domin Azhar ta Masar da malamanmu ke alfahari da ita, wakafi ne ya raya ta ɗaruruwan shekaru.

Ga abin da zan gabatar wa 'yan ajinmu bana, duk wanda ya ga ya yi masa sai ya ɗauka. A yi taron a cikin makaranta, a nemi aron ɗakin lacca, kowa ya zo da kayan da yake da su. A gayyato malamanmu da suka rage da rai, a ba su kujerun gaba. Kuɗin otal da anko a zuba su a asusu. Sannan kowa ya riƙa sa naira 2,000 a wata. Idan mutum 200 suka riƙe wannan, a shekara an tara naira miliyan 4.8, wanda zai fitar da yara da dama daga halin da suke ciki.

Babban abin da ke hana mutane bayarwa ba rowa ba ce, tsoro ne. An sha tara kuɗi a ji su shiru. Don haka a yi wa ƙungiya rajista da amintattunta a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a buɗe asusu da sunanta, ba da sunan ma'aji ba, kuma kada kuɗi su fita sai mutum biyu sun sa hannu. Duk ƙarshen wata a turo bayanin banki zaure kowa ya gani. Kada a ba ɗalibi kuɗi a hannu, a biya makaranta kai tsaye ta Remita, manhajar biyan kuɗi ta intanet, a turo rasit, a rufe sunan yaron don kada a tozarta shi. Zaɓen waɗanda za a taimaka kuwa a bar wa malaman sashen, in ba haka ba kowa ɗan ƙanwarsa zai kawo.

Su ma hukumomin makarantu da sauran gyara a wajensu. Mutumin da ya yi ta zarya wata da watanni yana neman takardar sakamakonsa, ana ce masa je ka dawo, da wuya ya sa hannu a aljihu idan an zo neman gudummawa. Su gyara ofisoshin nan, su riƙe lambobin waɗanda suka yaye, kuma idan an ba su abu su rubuto su faɗi abin da aka yi da shi.

Wassalam.

Naka,
Wani ma'ajin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, daga Kaduna