A riƙa manna mana lissafin sayayyar wata a ƙofar sakatariya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina game da kuɗin ƙananan hukumomi, ta wani ɓangare da ban cika jin ana taɓawa ba. Na yi shekaru masu yawa ina aiki a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma a nan Arewa, akasarinsu a sito, kafin in yi ritaya. Ba zan ambaci sunanta ba, domin abin da zan faɗa bai tsaya a kanta ita kaɗai ba, kuma har yanzu akwai mutanen kirki da suke cin abinci a can.

Tun ranar 11 ga Yulin 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, inda ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma kada a saki kuɗi ga kantomomin da ba jama'a suka zaɓa ba, duk muhawarar da ake yi a rediyo da jaridu ta tsaya ne a kan hanyar da kuɗin za su bi su iso. Ban raina wannan muhawara ba. Wanda ya zauna a ofishin ma'aji ya ga yadda asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumominta, wanda sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, yake tace kuɗi kafin su kai ƙasa, ba zai taɓa raina ta ba. Sai dai tambayar da ke damuna ita ce ta washegarin ranar da kuɗin suka iso: me za a saya da su, a wurin wa, kan nawa, kuma wa zai tabbatar an kawo abin da aka ce an saya?

Mutane kan ji cewa ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya da kashi 35 cikin ɗari na harajin sayen kaya, sai su ɗauka ciyaman na kwana a kan tulin kuɗi. Idan aka fitar da albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da na sakatariya, aka fitar da fansho da kason masarauta, musamman yanzu da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024, abin da ya rage bai kai yadda ake zato ba. To wannan ragowar ce ya kamata ta ɗauki nauyin da jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma, wato kasuwanni da tashoshin mota, mayanka, maƙabarta, banɗakunan jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi. Kusan duk waɗannan ayyuka da ƙananan sayayya suke tafiya: gas na janareta, tayar motar shara, buhun siminti na gyaran kwalbati, audugar ɗakin shan magani, littafin rasit na kasuwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya isa a buga a shafin farko na jarida, shi ya sa ba mai duba su, kuma da yayyafi kogi kan cika.

A ƙa'ida hanyar sayen kaya a fili take, kuma tana rubuce a littafin ƙa'idojin kuɗi na ƙananan hukumomi, wanda kowane akawu ya san da shi ko da bai taɓa buɗe shi ba. Shugaban sashe ne zai rubuta buƙata, a duba ko akwai gurbinta a kasafin shekara. Idan kuɗin ba su wuce iyakar da aka yanka wa ciyaman ba, sai ya amince. Idan sun wuce, sai a kai gaban kwamitin kuɗi, ko a kira 'yan kwangila su yi takara. Ana neman farashi daga 'yan kasuwa fiye da ɗaya, galibi uku, a ba wanda ya fi sauƙi takardar oda. Idan ya kawo kaya, mai kula da sito zai ƙirga, ya shigar a littafi, ya ba da takardar shaidar karɓa, odita na cikin gida ya duba takardun biya, sannan a saki kuɗi. An yi wannan jerin hannuwa ne don kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai nema, shi ne mai saye, shi ne kuma mai shaidar an kawo.

Abin da na gani da idona shi ne yadda ake bin kowane mataki a takarda alhali ba a bi ko ɗaya a zahiri ba. Farashin 'yan kasuwa uku da ake nema sau da yawa daga aljihun mutum ɗaya suke fitowa, ya zo da takardu masu kan sunayen shaguna uku, har rubutun hannun ma iri ɗaya ne. Aikin da ya wuce iyakar ciyaman sai a yanka shi gida huɗu ko biyar, kowane yanki ya zauna ƙasa da iyaka, don kada ya je gaban kwamiti. Lokacin da hukumar da ke sa ido kan hada-hadar kuɗi ta NFIU ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa kada a ciri tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, har gwamnoni suka garzaya kotu a kanta, na yi murna, amma na san mai yanka kwangila gida biyar ba zai rasa dabarar yanka cirar kuɗi kwana biyar ba. Ranar da ba na mantawa ita ce wadda aka kawo mini takarda dab da tashi aiki, aka ce in sa hannu na karɓi kujerun 'yan makaranta. Na ce a nuna mini kujerun, sai aka ce suna wurin kafinta, kuma idan ban sa hannu yau ba kuɗin za su koma. Na ƙi, kuma ba a yi wata biyu ba aka mayar da ni wani sashe da babu sito a cikinsa. Ban kawo wannan don yabon kai ba, domin akwai takardun da na sa wa hannu a ƙuruciyar aikina waɗanda har yau nake neman gafarar Allah a kansu.

Duk da haka, a ganina sata kai tsaye ba ta kai wata cuta ɓarna ba, wato ƙin gyara da son sabo. A ɗauki famfon tuƙa-tuƙa a misali. Abin da ya fi kashe shi shi ne robar da ke cikin silinda ta cinye, ko sandar ƙarfen da ke jawo ruwa ta tsinke, kuma makanikin da ya san aikinsa zai gyara shi a yini ɗaya da kuɗin da ba su kai ɗan ƙaramin kaso na haƙa sabuwar rijiyar burtsatse ba. Amma takardar neman gyara za ta yi wata da watanni a kan tebur, yara da mata suna komawa ɗibar ruwan kududdufi, sai an kusa zaɓe a kawo injin haƙa a tona sabuwa, wani lokaci taku kaɗan daga wadda ta mutu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sabuwar rijiya tana da allo mai ɗauke da sunan ciyaman, tana da bikin buɗewa da hoton da za a sa a Facebook, kuma kwangilarta na da kauri yadda kowa zai samu abin lasa. Canza roba kuwa ba ya ɗaukar hoto, ba ya kuma ɗaukar kashi goma cikin ɗari.

Haka motar shara take zama a harabar sakatariya a kan duwatsu saboda tayoyi biyu da batir, har kaji su mayar da ƙarƙashinta akurki, sannan a riƙa hayar tifa daga waje ana biya duk mako. Haka ake barin yashe magudanan ruwa, aikin da ya kamata a gama shi a watan Afrilu ko Mayu da leburori da shebur da baro, sai ruwan Agusta ya shiga gidajen mutane, katangun ƙasa sun zube, sannan a fitar da kuɗin da suka ninka na yashewa a sayo tabarmi da barguna a raba a matsayin agaji. Wanda ya karɓi bargo zai yi godiya da addu'a, bai san cewa da an kashe kaɗan daga kuɗin bargon tun da rani, da ɗakinsa yana tsaye ba.

Akwai kuma kashe kuɗin da ba ya cikin jadawalin tsarin mulki amma ya fi komai samun amincewa da wuri: shinkafar azumi, ragunan Salla, gudummawar ta'aziyya da ɗaurin aure, buga kalanda mai hotunan shugabanni, da tarukan ƙara wa juna sani a otal-otal na babban birnin jiha. A nan dole in yi wa shugabanni adalci, domin idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Duk wanda ya je ƙofar gidan ciyaman bayan sallar asuba ya ga layin masu takardar asibiti da masu haihuwa da masu neman kuɗin makaranta, ya san mu ma talakawa muna da hannu a wannan al'ada, kuma ciyaman da ya ce zai ajiye kuɗi don gyaran kwalbati ya hana mai jego, sunan marowaci zai bi shi har kabari. Ba na cewa a daina taimako. Ina cewa a rubuta shi da sunansa a kasafi, a yanka masa iyaka, kada a ɓoye shi a ƙarƙashin kuɗin gyaran mota ko na kayan ofis, domin da zarar an saba rubuta ƙarya saboda alheri, rubuta ta saboda son zuciya ba ya wuya.

Batun mai ma ya isa a duba shi. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa, don haka takardar shan mai ta zama kamar tsabar kuɗi. Kowace motar hukuma ya kamata ta kasance da littafin da direba zai rubuta inda ya je da nisan tafiya da litar da ya sha, kuma janareta ma haka. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce tun zamanin En'e, ba ta buƙatar kwamfuta, biro da littafi kawai take so.

Shawarar da nake bayarwa ba ta da tsada. A ƙarshen kowane wata, ƙaramar hukuma ta fitar da takarda da Hausa, ta manna a allon sanarwa na ƙofar sakatariya, ta aika kwafi ga hakimi da dagatai da kowane kansila, tana nuna abin da aka saya a watan, adadinsa, farashin kowane ɗaya, sunan wanda ya kawo, da mazaɓar da aka kai shi. Farashin ɗaya-ɗaya shi ne zuciyar maganar. Idan aka ce an kashe miliyoyi a gyaran makarantu, ba wanda zai iya musu, amma idan aka rubuta buhun siminti kaza a kan naira kaza kowanne, mai sayar da siminti a bakin kasuwa da birkilan unguwa za su gane gaskiya ko ƙarya kafin su gama karantawa. Idan aka rubuta an gyara famfo a wani ƙauye, matan ƙauyen sun fi kowane odita sanin ko ruwa na zuwa. Babban odita na ƙananan hukumomi da ke hedikwatar jiha yana duba takardu ne, sau da yawa bayan shekara ta wuce, kuma na riga na bayyana yadda takarda ke fita tsaf ko da kaya bai zo ba.

Za a ce 'yan adawa za su ɗauki takardar su yi ta surutu a rediyo. Za su yi kuwa, amma yanzu ma suna yi, kuma suna yi ne da jita-jita, wadda ciyaman mai gaskiya ba shi da abin kare kansa daga gare ta. Takardar za ta kare ƙaramin ma'aikaci ma, domin mai kula da sito da aka matsa wa ya sa hannu a kan kayan da bai gani ba zai samu abin faɗa: ranka ya daɗe, wannan fa za a manna shi a waje. Doka ma tana bayan mai tambaya, tun da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu a rubuce, ta kuma yanka wa hukuma kwana bakwai ta amsa. Kansiloli su ne ya fi kamata su fara, domin su doka ta ɗora wa amincewa da kasafi da bin diddiginsa, kuma zaman majalisarsu bai kamata ya ƙare a kan alawus ɗinsu kaɗai ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya duk wata, wakilinku ya rubuta mata takarda yana neman jerin famfunan da aka biya kuɗin gyaransu a wata ukun da suka wuce, da sunayen ƙauyukan. Idan an ba shi, ya hau babur ya je uku daga ciki ya tuƙa famfon da hannunsa, ya buga mana abin da ya fito. Idan kuma an hana shi, ya buga ranar da ya miƙa takardar da muƙamin wanda ya karɓa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin sito a ƙaramar hukuma, mai karanta jaridarku kullum