An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Kan Ɗan Fashin Sararin Samaniya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan sharhin da kuka buga a shafin nishaɗi, game da finafinan katun da tauraronsu ɗan fashi ne mai yawo a kumbo daga wannan duniya zuwa waccan yana farautar ɓoyayyiyar dukiya. Mai sharhin ya kafa hujja da Cobra, ya ce irin wannan tauraro yana koya wa yara cewa ɓarawo gwarzo ne, don haka iyaye su raba 'ya'yansu da shi. Na yarda da shi cewa Cobra ba na ƙananan yara ba ne. Dalilin da ya kawo ne ban yarda da shi ba, kuma ina ganin duk mahaifin da ya bi wannan dalili zai toshe ƙofar da ba ta da haɗari ya bar mai haɗarin a buɗe.

Wani mai zane ɗan Japan, Buichi Terasawa, shi ya ƙirƙiro Cobra. Ya fara fitowa a 1978 a mujallar Weekly Shonen Jump, wadda samari matasa ne masu karanta ta, ya ci gaba har 1984. A 1982 aka mayar da shi katun na talabijin mai kashi 31. Labarin yana farawa da wani ma'aikaci mai suna Johnson, wanda rayuwa ta gundure shi, kullum daga gida sai wurin aiki. Ya je wani kamfani da ke sayar wa mutane mafarki, ya biya a saka masa wanda yake so, sai ya tsinci kansa yana mafarkin wani ɗan fashi mai bindiga a maimakon hannun hagu. Ashe tsohuwar rayuwarsa ce ta dawo masa. Shi ne Cobra ɗin. Ya gaji da gudun babbar ƙungiyar 'yan fashin samaniya da ke neman ransa, ya sa aka sauya masa fuska aka shafe masa tunani, ya ɓuya cikin talakawa. Kafin a nuna mana ko da ƙwayar zinariya ɗaya, an riga an nuna mana mutumin da wannan sana'a ta hana shi barci har ya gwammace ya manta sunansa.

Sai batun dukiyar, inda mai sharhin ya fi tsayawa. Wani tsohon ɗan fashi, Kyaftin Nelson, ya ɓoye abin da ya tara, ya raba taswirar wurin gida uku, ya yi jarfar kowane kaso a bayan ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata uku: Jane, Catherine da Dominique. Ba a gane hanya sai an haɗa ukun. Ka ga uba ya mayar da fatar 'ya'yansa abin farauta ke nan. Kuma haka aka yi, don ƙungiyar 'yan fashin ta tura musu makashinta, wani mai jikin gilashi da ƙasusuwan zinariya, kuma biyu daga cikin 'yan matan ba su kai ƙarshen tafiyar da rai ba. Da aka isa wurin, abin da ya fi komai daraja a taskar wani mugun makami ne da ya faɗa hannun abokiyar gaba, dole Cobra ya koma yaƙi da abin da ya sha wahalar nema. Ban ga yadda mai hankali zai gama kallon wannan ya fita da sha'awar tono dukiyar wani ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, labarin bai ɓoye wannan ba ko kaɗan.

Abin da ya kamata mai sharhin ya faɗa, bai faɗa ba, ko don bai kalli fim ɗin da nisa ba ne, Allah masani. Kusan duk macen da ta fito a Cobra an zana ta ne da tufafin da ba su kai a kira su tufafi ba. Jane mai farautar masu laifi ce don lada, Dominique jami'ar tsaro ce mai aikin asiri, mata ne masu jarumta da basira, amma mai zanen ya fi damuwa da a ga jikinsu. Ita kanta dabarar taswira a bayan mace, kowa ya san dalilin da ya sa aka zaɓe ta. Ga taba sigari mai kauri da ba ta barin bakin tauraron, ga kisa da ake yi ana raha. Wannan shi ne abin da zai zauna a kan yaro ɗan shekara takwas, ya riƙa ganin mace a matsayin ladan jarumi. Yaro ba shi da kumbon da zai je ya tare wani a sama, amma yana da ƙanne mata da 'yan ajinsu.

Kuma ban so yadda aka yi wa 'yan fashin katun kuɗin goro ba. Kyaftin Harlock na Leiji Matsumoto, wanda ya fito a talabijin a 1978 cikin kashi 42, yana da tutar ƙoƙon kai da tabo a fuska da ido ɗaya a rufe, amma ba dukiya yake nema ba. A labarinsa, cikin shekarar 2977, shugabannin duniya sun shagala da wasan golf da kallon sukuwar dawaki alhali baƙin halittu na shirin mamaye su, shi kuma da suke kira ɗan ta'adda shi kaɗai ya tsaya da jirginsa Arcadia. Matsumoto ɗan matuƙin jirgin yaƙi ne, an haife shi a 1938, ya taso a Japan da yaƙi ya rusa, kuma ana jin wannan nauyi a aikinsa. Faransawa sun san tauraron da sunan Albator tun 1980. Shi da Cobra tuta kawai ta haɗa su. Dukkan masu zanen biyu sun rasu a 2023, Matsumoto a Fabrairu, Terasawa a Satumba.

In ana neman inda ƙarya take a wannan nau'in labari, Malam Edita, to ta girmi katun nesa ba kusa ba. Taswira mai alamar gicciye, tsibiri, akwatin zinariya a binne, ɗan fashi mai ƙafa ɗaya da aku a kafaɗa, yawancinsu sun shahara ne ta littafin Treasure Island na Robert Louis Stevenson da aka buga a 1883, wanda ya faro daga wata taswirar wasa da aka zana don nishaɗantar da agolansa. Masu katun ɗin samaniya ɗaukar wannan suka yi suka sauya teku da sarari, tsibiri da wata duniya, ƙafar katako da hannun ƙarfe. Osamu Dezaki, wanda ya ba da umarni a Cobra, shi ne ya yi katun ɗin littafin Stevenson a 1978, wanda Larabawa suka juya zuwa harshensu da sunan Jaziratul Kanz. Kamfanin Disney ma ya kai labarin sama a 2002 da Treasure Planet, inda Silver, ɗan fashin nan mai ƙafa ɗaya na littafin, ya zama rabi mutum rabi inji, ya kuma saki jirgin da ya loda da dukiya don ya ceci yaron da ya shaƙu da shi.

Su kuwa 'yan fashin teku na gaskiya, na ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, da wuya su binne komai. Me za su binne? Abin da suke ƙwacewa yawanci yadi ne da sukari da taba da giya da kayan gyaran jirgi, su sayar da arha su cinye kuɗin a tashar farko. Wanda aka tabbatar ya binne wani abu shi ne William Kidd, a tsibirin Gardiners kusa da New York a 1699, kuma ba a daɗe ba hukuma ta tono kayan ta aika Ingila a matsayin shaida a kansa. An rataye shi a Landan a 1701, aka bar gawarsa a sarƙa a bakin kogin Thames don ta zama gargaɗi. Blackbeard, wanda sunansa ya fi na kowa amo, ya toshe tashar jiragen ruwa ta Charleston, a Amurka ta yau, a 1718, ya kama manyan mutanen gari, kuma fansar da ya nema akwatin magunguna ce, don ciwo ya ci mutanensa. Kafin shekarar ta ƙare an sare masa kai.

Akwai kuma abin da katun ba ya taɓa nunawa, wanda ni shi ya fi tsaya mini a rai. Babban jirgin Blackbeard asalinsa jirgin jigilar bayi ne na Faransawa da ya ƙwace a 1717. Haka jirgin Whydah da Sam Bellamy ya kama a wannan shekara, an raɗa masa sunan tashar bayi ta Ouidah da ke ƙasar Benin ta yau, kuma yana kan hanyar komawa ne bayan ya sayar da mutanen da ya kwaso. Guguwa ta nutsar da shi a gaɓar Cape Cod, a Amurka ta yau, a watan Afrilun 1717, mutum fiye da 140 suka halaka, biyu suka tsira. Da aka gano ɓaraguzansa a 1984, cikin abin da aka tsamo har da gutsattsarin kayan adon zinariya na mutanen Akan. Ɗaya daga cikin 'yan taskokin 'yan fashi da aka taɓa ganowa da gaske ke nan, kuma kuɗin jinin mutane ne a ciki. Dukiyar katun kullum ba ta da mai ita: wani sarki da ya mutu tun shekaru dubu ne ya bari, ko wata al'umma da ta shuɗe, don kada mai kallo ya tambayi daga hannun wa aka fizge ta. Da mai sharhin nan ya soki wannan wanki da ake yi wa dukiyar, da na sa hannu a ƙarƙashin rubutunsa.

To me ya sa yara da manya ke son irin wannan tauraro? Ni dai ban ga alamar satar ce ke jan su ba. Suna son wanda ba ya tsoron mai ƙarfi, mai bakin ba'a a gaban mutuwa, mai fita daga tarko da dabara. Gizo ma a tatsuniya maƙaryaci ne, mayaudari, mai haɗama, kuma ba a taɓa hana yara jin labarinsa ba, don suna gane inda wayonsa ya burge da inda ya ja masa duka. Terasawa ya ɗauko fuskar Cobra da salonsa daga ɗan wasan Faransa Jean-Paul Belmondo, mai murmushin rainin hankali, kuma wannan murmushin ake saye. Johnson mai zaman ofis da ke cikin kowane mai kallo shi ke tafawa.

Mai sharhin ya kuma kira batun dukiya a sararin samaniya shirme. A nan ma sai a yi hattara. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa mallakar duniyar wata ko wata duniya daban, amma a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba kamfanoninta damar mallakar abin da suka haƙo daga can, Luxembourg ta bi sahu a 2017. A Oktoban 2023 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba kumbo zuwa Psyche, wani dutsen samaniya da ake kyautata zaton ƙarfe ya yi yawa a jikinsa. Gaskiya abin da aka kawo zuwa yanzu bai taka kara ya karya ba: kumbon Japan Hayabusa2 ya dawo a 2020 da ƙasar da ba ta wuce giram biyar da 'yan kai ba. Amma tambayar wa ke da dukiyar da ba ta ƙasar kowa ba, yanzu lauyoyi ke muhawara a kanta, ba masu zane kaɗai ba.

Roƙona gare ka guda ne. Yawancin iyaye suna ganin duk abin da aka zana na yara ne, sai su miƙa waya su juya baya, alhali a Japan ana yin katun na 'yan yaye, na matasa, da na manya zalla, kuma a intanet duk suna jere wuri ɗaya. Idan shafinku zai sake taɓo wani katun, a sa wanda ya zauna ya kalle shi ya rubuta, ya faɗa mana shekarun da ya dace da su da abin da ke ciki na tsiraici, zubar da jini da shaye-shaye, kowanne da sunansa. A ma'aunina, Treasure Planet yaro ɗan firamare zai iya kallo tare da babba, Harlock sai wanda ya shiga sakandare don akwai mutuwa da baƙin ciki da yawa a cikinsa, Cobra kuwa a bar wa manya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Wassalam,
Naka, mai karanta ku a kullum.