Ciyamomi, batun hayaƙi da sauyin yanayi yana ƙofar gidanku

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah a bani ɗan fili in yi magana da shugabannin ƙananan hukumominmu, musamman tamu.

Tun 2021 Buhari ya je taron sauyin yanayi na duniya a birnin Glasgow ya yi alƙawarin cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa daga iska, a shekarar kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, to amma har yau in ka tambayi kansila wannan magana sai ya ce ai ta Abuja ce. Alhali kwashe shara da magudanan ruwa da kasuwanni da tashoshin mota duk kundin tsarin mulki ƙaramar hukuma ya ɗora wa, kuma nan ne hayaƙin namu yake tashi.

A wajenmu duk shirin da ake yi shi ne bikin dashen itatuwa sau ɗaya da damina, a kafa rumfa a ɗauki hoto, ba shinge ba mai ban ruwa, kafin kaka awaki sun cinye. Can daji kuma ana ta sare kaɗanya da ɗorawa ana yin gawayi, ni dai bana ganin laifin matar da ta koma gawayi tunda gas ya fi ƙarfinta, amma me zai hana a kawo murhu mai tsimin itace a koya wa maƙeranmu su riƙa ƙerawa da araha?

Abinda yafi ci min rai shine bola. Kullum da magariba sai a cinna mata wuta, ledar fiya wata da robobi da tsohuwar taya, hayaƙin ya kwanta a unguwa yara na tari tsofaffi masu asma su kwana a zaune, alhali manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗiban sharar gari suna zubawa a gona a matsayin taki, kawai a tsince leda a bar mai ruɓewa, ga buhun takin zamani ya gagari talaka. Ledar da ba a ƙona ba kuma ita ke toshe kwata, ruwa kaɗan gidajen ƙasa su fara zubewa, kuma duk mun ga abinda ambaliya ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024.

Da can hujjar ita ce gwamna ya riƙe kuɗi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye, to duk abinda ya shigo hannu a ware wani abu, a dawo da duba gari da ƙarfinsu, a sa sola a asibitin sha ka tafi da sakateriya a huta da janareta, kuma duk bishiyar da aka dasa a damƙa ta hannun mai unguwa da ɗan alawus na mai ban ruwa har ta kai shekara biyu.

Nagode.

Mai karatunku daga jihar Kano