Zuwa Ga Shugaban Jami'armu: Ina Masu Masana'antun Da Ka Ce Za Ka Kawo?

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Ranar da ka yanke ƙyalle a ƙofar ofishin tallata bincike ina wurin, har tafi na yi. Ka ce daga ranar babu binciken da zai sake kwana a kan kanta, za ka kawo masu masana'antu mu zauna da su. Ofishin dai yana nan, da kujeru masu juyawa da hotonka a bango. Masu masana'antun ne har yau ko ƙeyarsu ba mu gani ba.

Ni da ɗalibaina biyu muka kafa kamfani a kan na'urar gwada tsabtar ruwa da muka ƙera. Tana aiki, a gabanka muka gwada ta. Amma ƙwaya ɗaya ce tal, da hannu muka harhaɗa. Da ƙyar da jiɓin goshi na samu wani manajan masana'anta ya ba ni minti ashirin. Ya jujjuya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa murfin da farce, ya ce, "Guda nawa za ku iya yi a wata? Wa zai zuba muku robar jikinta? In na sa kuɗina, da wa zan sa hannu, da ku ko da jami'a?" Na yi shiru. Tambayar ƙarshe na kawo ofishinka. Wata bakwai ke nan takardar tana yawo daga wannan kwamiti zuwa wancan, mutumin kuwa yanzu ko wayata ba ya ɗagawa.

Amsar tambayoyin nan tana bakin 'yan harka. Su suka san mai zuba roba da ba ya saɓa alkawari, suka san ƙofar da ake bi a samu shaidar inganci, suka san wanda zai sayi ɗarin farko ya dawo ya faɗa maka inda ta gaza. Malami ba ya samun wannan a laburare, sai an haɗa shi da su.

Kai da kanka kana yawan kafa mana misali da Amurka. To, Herbert Boyer farfesa ne, amma a 1976 da mai zuba jari, Robert Swanson, ya kafa kamfanin Genentech. Da suka samar da insulin, maganin ciwon sukari, irin na jikin ɗan Adam a 1978, ba su tsaya gina masana'anta ba. Suka ƙulla da kamfanin magunguna na Eli Lilly, wanda tun 1923 yake sayar da insulin, ya san asibitoci ya san hukuma, a 1982 magani ya samu izinin shiga kasuwa. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 ma a Jami'ar Oxford aka ƙirƙiro shi, amma kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafa shi da yawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2023. Da a ofishinmu rigakafin nan ya faɗo, da yanzu ana jiran kwamiti ya cika.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka sa mutum ɗaya a ofishin nan wanda ya taɓa sayar da wani abu a rayuwarsa. Tsofaffin ɗalibanmu suna riƙe da manyan muƙamai a kamfanoni, amma ba a tuna su sai za a nemi gudummawar gini. Ka kira su, ka ce ga yaranku sun ƙera abu, ku zo ku kushe shi. Maganar kason da jami'a ke nema a hannun jarinmu kuwa, na bar ta sai wani jiƙon.

Ɗaya daga cikin ɗaliban nan ta samu aiki a wani wuri, ƙarshen wata za ta tafi, kuma ita kaɗai ta san sirrin allon lantarkin na'urar. Takardarmu tana hannun sakataren kwamiti. Ka aika a ɗauko maka ita kafin yarinyar nan ta haɗa kayanta.

Naka,
Malami a tsangayar injiniya