Masu hoton biki a Kano, mu gyara yadda muke harba filasha

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan uwana masu ɗaukar hoto a cikin garin Kano, musamman ƙannenmu da suka shigo harkar kwanan nan, domin abin da nake gani a hotunan biki yana damuna matuƙa. Za ka ga an kashe kuɗi an yi wa amarya kwalliya mai kyau, an ɗaura mata gwaggwaro, amma hoto ya fito goshi da karan hanci sun yi fari fat, baƙar inuwa ta manne a bango bayanta, jama'ar da ke baya kuma duk duhu ya haɗiye su. Sai dangi su hau kan mai kwalliya da faɗa wai ta lafta hoda, alhali sau da yawa laifin namu ne.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Kan filasha bai kai tafin hannu ba, kuma duk hasken da ya fito daga ƙaramin wuri kaifi gare shi. Ka duba ranar tsaka a watan Afrilu yadda take yanka inuwa a ƙarƙashin ido da haɓa, sannan ka duba ranar da hadari ya rufe sama a Agusta, fuskar kowa sumul, saboda gajimare ya baza hasken yana zuwa ta ko'ina. To aikinmu kenan, mu faɗaɗa wurin da haske ke fitowa.

Anan ne maganar 'yar farar robar nan da ake kifa wa kan filasha ta shigo, wadda muke cewa difiyuza, wasu filashan ma da ita suke zuwa a kwali. Yara da yawa sun ɗauka da zarar an kifa ta shikenan haske ya yi laushi ko a ina kake, wallahi ba haka ba ne. Ita robar ba ta ƙara wa kan filasha wani girman kirki ba, abin da take yi shi ne watsa hasken gaba da baya da sama da gefe, ya je ya daki bango da silin ya dawo kan mutum, kaga bangon da silin ɗin su ne suka zama babbar fitilar. Shi ya sa a falon amarya mai farin silin da ba shi da tsayi sosai, ka ɗaga kan filasha sama ka kifa robar, sai ka ga zanen lalle ya fito raɗau, duwatsun leshi suna ƙyalli daidai misali, launin fata kuma yadda Allah ya yi shi. Amma a wajen ɗaurin aure a ƙofar masallaci, ko kamu a fili da daddare, babu bango babu silin, sai ka ga yaro ya ɗaga filasha sama da robarsa yana ta harbi, hasken ya tafi sararin samaniya, ɗan abin da ya isa fuska yana nan da kaifinsa, ga robar ta cinye rabin ƙarfin ko fiye, batir ya yi saurin mutuwa, filasha ta ɗau zafi tana jan lokaci kafin ta sake cika, kafin nan an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa.

A irin wannan wuri gara ka cire ta. Ka samu farin kwali kamar girman takardar A4 ka ɗaure shi da kyauro a bayan kan filasha ya riƙa turo hasken gaba, ko in da hali ka raba filasha da kyamara, ka ba yaronka ya riƙe ta a gefe da farar lema ko ƙaramin sofbos, wato akwatin yadi mai farar fuska da ke faɗaɗa hasken, kusa da mutum. Wannan rabawar tana da wani amfanin lokacin hunturu, don idan ƙura ta cika iska kuma filasha na dab da gilashin kyamara, ita ƙurar take haskawa, hoto ya cika da fararen ɗigo-ɗigo. Kuma a daina liƙa tishu ko leda a jikin gilashin filasha, idan ana harbi a jere da cikakken ƙarfi zafin yana iya babbake su.

Sai manyan ɗakunan taro na dina, silin can sama, an lulluɓe shi da yadi ruwan hoda ko ruwan gwal. Duk hasken da ya daki yadin nan da launinsa zai dawo, farar shaddar ango ta rine. Nan ma kwali ya fi. A kuma tuna lissafin nisa, in ka ninka tazara haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, wato wanda ke mita 4 rubu'in abin da na mita 2 ya samu yake samu. Shi ne dalilin da ya sa a hoton ƙawaye na gaba suke ƙonewa na baya ba a gane su. Ka ja baya kaɗan ka matso da su wuri ɗaya, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, zuwa 800 ko 1600, saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido, ya sauko wajen 1/60 na daƙiƙa don fitilun ɗakin su shigo, ƙarfin filasha ka fara gwadawa daga 1/8 na cikakken ƙarfinta, ka duba bayan kyamara ka gyara. Kar ka sakar wa TTL, wato tsarin da kyamara ke auna ƙarfin filasha da kanta, komai, farar babbar riga tana ruɗa shi ya rage haske fuskar mai ita ta yi duhu.

Fatarmu kuma ga zafin Kano ga gumi, dole ta yi maiƙo, maiƙo kuwa shi filasha ke fara kamawa. Ba abin kunya ba ne ka ce Hajiya ɗan danna goshi da tishu kafin ka ɗauka. Masu kwalliya ku ma da naku, akwai farar hodar nan mai silika da ido ba ya gani amma filasha na tona ta a ƙasan ido, ku ɗauki hoto ɗaya da filashar waya kafin amarya ta fita daga ɗaki. Ina nanata wannan ne saboda wurin da ya ƙone fari a hoto babu editin da zai dawo da shi, sai dai a shafe fuskar da fenti har uwar da ta haife ta ta tsaya tana tantama, kuma biki ba a maimaita shi.

Roƙona ga iyayen gidanmu masu situdiyo, kafin ku tura yaro aiki shi kaɗai ku zaunar da shi da yamma ɗaya ya gwada filasha a ɗaki da tsakar gida, da roba da kwali, ya ga bambancin da idonsa. Ku kuma masu biki, kafin ku ba da kafin alƙalami ku ce mai hoto ya nuna muku aikin da ya yi da daddare a fili, ba na cikin situdiyo kaɗai ba. Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai ɗaukar hoto daga Gwammaja, Kano